A Auna Mu Kafin a Ce Mana Tunani Ne

Jama'ar Dutse, mutanen Kiyawa da Jahun da Miga, 'yan'uwana na Birnin Kudu da Buji da Gwaram, ku tara hankalinku nan. Akwai wata gajeriyar magana da ake sallamar marasa lafiyarmu da ita a ɗakin ganin likita, mu karɓa hannu bibbiyu, mu yi godiya, mu hau mashin mu koma gida. A ce wa mace: "Ba abin da ke damunki, tunani ne ya yi miki yawa." A ce wa magidanci: "Malam, damuwa ce, ka rage sa abu a rai." Wani lokacin gaskiya ce tsantsa. Wani lokacin kuma ita ce magana ta ƙarshe da mutum zai ji daga bakin ma'aikacin lafiya kafin a kai shi makwancinsa. Kirana ɗaya ne: kada mu sake karɓar wannan magana sai bayan an taɓa jiki, an auna, an rubuta.

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya ya san yadda abin yake. An fito tun bayan sallar asuba, an bi layin kati, an zauna a benci har ƙafa ta yi sanyi. Kafin a kira sunanta azahar ta gabato, bayanta kuma mutane ne ba iyaka. Mai jego ce, ko arba'in ba ta yi ba. Ta zauna a bakin kujera, kanta a sunkuye, uwar mijinta na tsaye riƙe da jinjiri. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce gabanta ne ke faɗuwa, ba ta iya barci, kuma ko tsakar gida ta share sai ta yi ta haki. Sai tambaya ta biyo: "Kina da kishiya? Maigidan yana gari kuwa?" Ta yi murmushin kunya. Kafin ta ɗago kai biro ta gama aikinta, an rubuta ƙwayar barci da maganin ƙarin jini. Ba a danna ƙafarta an ga ko yatsa zai lotsa ba. Ba a ɗora abin saurare a ƙirjinta ba. Ba a tambaye ta da matashin kai nawa take kwana ba, balle ta faɗi cewa kwana da kwanaki a zaune take barci, domin da ta miƙe numfashi ke ɗaukewa.

Wannan matar ba tunani ke damun ta ba. Alamomin nan na ciwon zuciyar jego ne, wanda ke raunana naman zuciya a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, har ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Ga kuma abin da ya kamata kowane Bahaushe ya sani: a duk faɗin duniya, ƙasar Hausa na sahun gaba wajen yawan wannan ciwo. Tun shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta cewa ana samun sa a kusan haihuwa 1 cikin 100. A Sakkwato, binciken da aka buga a 2007 ya sami 1 cikin 102. A Amurka da Turai sai an yi haihuwa dubu ko dubbai kafin a ga guda. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranci wani babban bincike da ya game asibitoci a sassan Najeriya, aka fitar da sakamakonsa a 2020, ya kuma nuna mafi yawan masu ciwon daga Arewa maso Yamma suke, wato shiyyarmu. Masu binciken farko sun zargi wankan jego da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa. Aikin su Ƙaraye ya fi karkata ga rama da talauci da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Ko ma mene ne tushensa, matar da zuciyarta ta riga ta yi rauni, gishiri da kanwa ƙara mata kumburi suke yi. Idan an gano ciwon da wuri akwai magani, mata da yawa zuciyarsu na farfaɗowa. Idan kuwa aka ce mata kishi ne, ta koma gida ta ci gaba da shan kunun kanwa tana jiran tunani ya ragu, to a sake kawo ta asibiti ranga-ranga, ko kuma ba za a sake kawo ta ba.

Yaya za a yi a ƙasar da wannan ciwo ya yi wa katutu, mai jego ta zo da haki da faɗuwar gaba, a fara tambayar ta zancen kishiya?

Ba masu jego kaɗai ba. Akwai ciwon da ke sa ƙullutun maƙogwaro ya yi aiki fiye da kima: mutum yana ci yana ramewa, hannu na rawa, gumi na tsatsafo masa ko da hunturu, zuciya na dukan uku-uku, barci ya ƙaurace. Wanda bai lura ba zai rantse fargaba ce, alhali awon jini ɗaya ke tona asirinsa. Akwai ƙarancin jini, wanda ya zama ruwan dare ga matanmu. Akwai sukari da ke faɗuwa ga mai shan maganin ciwon suga, ya kama karkarwa da ruɗewa. Akwai gudan jini da ke toshe hanyar huhu bayan tiyata ko haihuwa. Akwai dattijon da ƙirjinsa ke zafi in ya taka zuwa masallaci, a ce masa olsa ce ko tunanin kuɗin taki, alhali jijiyar zuciyarsa ce ke toshewa. Mafi yawan abin da za a fara tantance waɗannan da shi ba na sai an je Kano ko Abuja ba ne: awon hawan jini, ƙirga bugun zuciya a wuyan hannu, awon yawan jini, awon suga, awon fitsari, ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna iskar da ke cikin jini. Sai awon zuciya na ECG da hoton ƙirji, sai hoton zuciya ga wanda alamominsa suka nuna. Wasunsu ko minti biyar ba sa ci.

Kada wani ya ɗauka wannan abu na talaka ne kawai, ko na wanda bai yi boko ba. Serena Williams, zakarar wasan tanis ta duniya, ta haihu a Amurka a Satumban 2017 ta hanyar tiyata. Washegari numfashinta ya fara sarƙewa. Ta san jikinta, domin ta taɓa yin gudan jini a huhu, sai ta nemi a yi mata hoto a sa mata maganin tsinka jini. Ma'aikaciyar jinyar ta zaci maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Ba ta yi shiru ba, ta nace, aka yi hoton, sai ga gudajin jini a huhunta. A nan gida, Gani Fawehinmi, lauyan da ya ƙarar da rayuwarsa yana kare talaka a kotu, an daɗe ana yi masa maganin ciwon sanyin haƙarƙari kafin a gano a Landan cewa sankarar huhu ce, ya rasu ranar 5 ga Satumba, 2009. Wani bincike na Jami'ar Johns Hopkins da aka buga a 2023 ya ƙiyasta cewa Amurkawa kusan 795,000 ke mutuwa ko nakasa ta dindindin duk shekara saboda kuskuren gane ciwo. In haka take a inda na'ura ta yi yawa, mai ɗauke da kuɗi da suna ma sai ta yi da gaske kafin a saurare ta, ina ga baiwar Allah daga Sakwaya ko Aujara wadda ko ɗaga ido ta kalli likita nauyi yake yi mata?

Damuwa ciwo ce ta gaske, ba na musun wannan ko kaɗan. Tana hana barci, tana sa faɗuwar gaba, tana kai mutum ga halaka. Ƙasar nan ta yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma muna da asibitin masu wannan lalura a Kazaure. Amma wanda ya yarda damuwa ciwo ce, sai ya yi mata abin da ake yi wa ciwo: ya zauna ya yi tambayoyi, ya kawar da sauran cututtukan da ke kama da ita, ya ba da magani, ya sa ranar dawowa. Wanda ya ce "tunani ne" don layi ya ragu, ya cuci mai ciwon zuciya, ya kuma cuci mai damuwar. Ga shi kuma ba abin da ke hana mutum ɗaya ya haɗa biyun. Matar da ke da kishiya ita ma tana da zuciya da huhu.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin rabin aikin a hannunmu yake. Da an yi rashi, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowa ya zo ya ce kwana ne ya ƙare. Wani ƙanen mamaciyar ya buɗe baki ya ce ai sau uku muna kai ta ana cewa ba komai, sai dattawa su tsawatar masa: "Kai yaro, kada ka yi saɓo. Mun bar wa Allah." Iyayena, da girmanku da komai, ku yi mini haƙuri in faɗi abin da malamanmu suka karantar da mu. Ajali gaskiya ne, ba mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma imani da ƙaddara bai taɓa share hakki ba. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da mutanensa daga Sarg, da aka yi masa ƙorafi ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani ba da saninsa ba. Ibnu Rushd, babban malamin Malikiyya, ya kawo a littafinsa Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan likita in ya yi kuskure akwai diyya. Ibnul Ƙayyim ya kasa masu magani kashi biyar, ya bambanta gwanin da ya yi aikinsa daidai aka sami akasi, da wanda ya yi ganganci. Direban da ya yi gudun wuce sa'a ya take yaro a hanyar Shuwarin, muna cewa ƙaddara ce, amma ba mu hana a tsare shi. To don me asibiti zai zama wurin da tambaya ta koma saɓo? Yafiya alheri ce, amma mutum yakan yafe abin da ya sani ne. A gaya mana abin da ya faru tukuna. In kuwa mamaciyar ta bar marayu, hakkinsu ba na wani kawu ba ne da zai yafe shi a zaman makoki.

Doka ma tana tare da mu, mu ne ba mu neme ta ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da gwaje-gwaje da hanyoyin magani da ake da su, cikin harshen da yake ji. Wato da Hausa, ko da Fulatanci in shi ne harshensa. Sashe na 20 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya ƙi kuma akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu. Sashe na 30 ya ba kowa damar kai ƙorafi a kuma bincika. A ƙarshen Yulin 2018 aka ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin mara lafiya a Abuja. Akwai Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Ƙasa, MDCN, wadda ke karɓar ƙara in an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Tana da kwamitin bincike, tana da kotun ladabtarwa da ke iya jan kunne, ko dakatar da likita, ko soke sunansa daga rajista. Ma'aikatan jinya da ungozoma su ma suna da tasu hukumar. Akwai Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, ba a biyan ko sisi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tuntuɓi Hukumar Taimakon Shari'a.

Amma kada in yaudare ku, neman diyya a kotu ba wasa ba ne. MDCN ladabtarwa take yi, ba ta yanke diyya, wannan aikin Babbar Kotu ne. A can kuma ba hawaye ake aunawa ba. Sai ka tabbatar cewa an kauce wa abin da likita mai kula zai yi a irin wannan hali, kuma kaucewar ce ta jawo cutar. Sau da yawa sai wani likitan ya zo ya ba da shaida. A shari'ar Ojo da Gharoro, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2006, allurar ɗinki ce ta karye ta zauna a cikin wata mata bayan tiyata a Benin, amma ta faɗi a shari'ar, saboda kotu ta ce ba ta tabbatar da sakaci ba. Ga kuma tarkon da ya fi kama mutanenmu: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara a kan ma'aikacin gwamnati. Wata uku! Matar mamaci ko takaba ba ta fita ba, lokaci ya wuce. Saboda haka wanda ke da niyya ya ga lauya tun ana zaman makoki, kada ya bari sai an yi rabon gado.

Shi ya sa nake roƙon ku da takarda. Katin asibiti, takardar magani, sakamakon awo, rasit, kwalin maganin da aka sha, duk a zuba a leda guda a adana. Mai waya ya ɗauki hotonsu. A sami ɗan makaranta a gida ya rubuta ranar da aka je, abin da aka faɗa wa likita, da abin da ya amsa. Ba don shari'a kaɗai ba. Likita na biyu da za ku gani, wannan ledar ce za ta nuna masa cewa an riga an gwada ƙwayar barci ba ta yi ba.

Likitocinmu da ma'aikatan jinya, ban zo da wuƙa ba. Na san mutum guda ke duba layin da ya kamata a ce mutum biyar ne a kansa, bayan ya kwana a tsaye. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 55,000 suka rage wa ƙasar nan gaba ɗaya, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Jigawa da ta haura mutum miliyan 4.3 tun ƙidayar 2006, nata kason bai taka kara ya karya ba, kuma waɗanda suka zauna tare da mu alhali ƙofar Saudiyya da Ingila a buɗe take, sun cancanci addu'a da albashi mai kyau. Kuskure kuma ba ya ƙarewa a aikin ɗan Adam, ba kowane kuskure ne sakaci ba. Abin da muke nema bai fi ƙarfinku ba. Ku taɓa jiki kafin ku ambaci tunani. Ku rubuta abin da kuka auna. In ba ku gano ba, ku ce ba ku gano ba tukuna, ku faɗa mana alamar da in mun gani mu dawo da gudu ko da tsakar dare ne. In abin ya fi ƙarfin wurin, ku ba da takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko Asibitin Malam Aminu Kano. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: uwar da ta ce yaron nan ba haka yake ba, ku saurare ta.

Gwamnatin jiha da Majalisar Dokoki, ga aiki a gabanku wanda ba ya cin biliyoyi. A Ingila, wata budurwa mai shekara 27, Jessica Brady, ta tuntuɓi asibitin unguwarsu kusan sau 20 ana ce mata ƙuruciyarta ta wuce a yi zargin babban ciwo, ta rasu da sankara a 2020. Iyayenta ba su yi shiru ba, har a Satumban 2025 aka kafa ƙa'ida da sunanta: mara lafiyar da ya zo sau uku da ciwo guda ba a gano ba, ko ciwon na ƙaruwa, dole a sake duba lamarinsa daga tushe. Me zai hana Jigawa ta yi irin wannan? Jihar da ta ƙirƙiro tsarin lafiya na Gunduma da shirin Haihuwa Lafiya, jihar da asibitin Jahun ke karɓar masu haihuwa daga ko'ina tare da ƙungiyar likitocin MSF tun 2008, ba za ta gaza wannan ba. A rubuta a manna a kowane asibiti daga Dutse har Gantsa da Basirka: zuwa na uku, babban likita ne zai gani. A kafa doka cewa mai ciki ko mai jego da ta zo da haki ko kumburi ba a sallamar ta sai an auna jini da fitsari an saurari ƙirji. A sa na'urar ECG mai aiki a kowane babban asibiti, da wanda ya iya karanta ta. A buɗe teburin ƙorafi da lambar waya da ake ɗauka, a riƙa sanar da jama'a ƙorafi nawa aka karɓa da abin da aka yi a kai.

Limamanmu, ku ɗauki wannan a huɗubar Juma'a. Masu unguwanni da dagatai da hakimai, ku faɗa a fada. Ungozomomin gargajiya da iyaye mata masu yi wa 'ya'yanmu wankan jego, ku ne idon farko: yarinyar da ba ta iya kwanciya sai a zaune, mai tarin dare, mai kumburin ƙafa da fuska, a ajiye kanwa a nemi mota. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba shagwaɓa ba ce. A yi addu'a a hanya. Magidanta, ku daina tura mata asibiti da ƙaramin yaro da kuɗin mashin. Ka bi ta da kanka, ko ka haɗa ta da yayarta mai baki. 'Yan makarantar jinya ta Birnin Kudu da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, ku ne za ku karanta wa iyayenku abin da aka rubuta a kati.

In aka ce muku tunani ne, ku gaida likita da ladabi, sannan ku tambaya: "Likita, me aka auna? In ba damuwa ba ce, me kuma zai iya zama? Wace alama zan gani in dawo?" Ku roƙa a rubuta amsar a kati. In kwana biyu ko uku sun wuce ba sauƙi, ku koma. In numfashi ne ke sarƙewa, ko ƙirji ke ciwo, ko an suma, kada ku jira gari ya waye. In an ƙi sauraron ku, ku nemi babban likitan da ke kan aiki, ku nemi shugaban asibiti, ku tafi wani asibitin da ledar takardunku a hannu. In kuwa mai afkuwa ta afku kuma zuciyarku ba ta natsu ba, ku rubuta takardar neman bayani a cikin makon, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa, ku ga lauya kafin wata uku su cika.